Ruwan rake ba ya kwana

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Agye da Gazawa cikin watannin ɗari, ya san yadda tashar Cadawa take cika da rake. Ana jingina shi dami-dami a jikin rumfuna, yara na yanka shi gaɓa-gaɓa, su feraye shi da wuƙa, su bi tagogin motoci da shi a faranti. Kafin la'asar bakin kwalta ya yi fari fat da tuka, wato abin da mai shan rake ke tofarwa bayan ya tsotse zaƙin. Abin lura shi ne, kusan duk raken nan baƙo ne. Ƙasar Cadawa tudu ce da jigawa, ƙasar gero da wake da gyaɗa da aya, shi kuwa rake ɗan fadama ne, ba ya son ƙafarsa ta bushe. Daga kwaruruwan Matamai da Kance da Magarya cikin jahar Damagaram yake zuwa, ko kuma ya ƙetaro iyaka daga Nijeriya.

A cikin garin akwai wani dattijo, tsohon malamin gona, wanda ya yi wa gwamnati aiki fiye da shekara 30 tsakanin Agye da Gidan Rumji, sa'an nan ya ajiye aiki ya koma kasuwanci, sana'ar mahaifinsa. Sau biyu a rayuwarsa ya shiga wurin da ake matse rake, aka zagaya da shi, aka miƙa masa abin ɗanɗanawa. Na farko a hayin teku ne cikin 1997, na biyu a ƙasar Zazzau cikin 2022. Shekara 25 ya yi yana ba da labarin na farko a majalisa, yana zaton ya san ma'anarsa. Sai da ya yi tafiya ta biyu ya gane cewa rabin labarin kawai ya riƙe.

Cikin watan Maris na 1997 aka tura shi horo tare da wasu ma'aikatan gona na ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, zuwa tsibirin Martinik, wani yanki na Faransa da ke cikin tekun Karibiyan. Lokacin saran rake ne a can, saboda haka ranar hutun mako masu masaukinsu suka ɗebe su a mota zuwa wata tsohuwar matata inda ake yin barasar rake, wadda Faransawa ke kira rom. Bai san inda za a kai su ba sai da ƙamshin wurin ya tare su tun daga ƙofa, ƙamshin ruwan rake mai ɗumi haɗe da wani tsami-tsami irin na ƙullun da ya kwana. Komawa ba ta yiwuwa, baƙo kuma ba ya zaɓa wa mai masauki hanya. Ya bi sahu.

Wata budurwa ce ta yi musu jagora, tana riƙe da takarda, tana bayani a natse kamar malamar lakwal. Ta fara nuna musu inda ake auna raken da aka saro da safiyar ranar, sa'an nan manyan ƙarafa masu juyawa da ke murƙushe shi har ya fito a bushe. Wani tsohon inji mai aiki da tururi ne ke juya su, makamashinsa kuwa matsattsen karan raken ne, babu abin da ake zubarwa. Daga nan ruwan ke gangarawa cikin wasu manyan randunan ƙarfe buɗaɗɗu, a zuba masa yis, a bar shi kwana ɗaya zuwa uku. Malamin gona ya leƙa ɗaya, ya ga ruwan yana tafasa yana kumfa ba tare da wuta a ƙarƙashinsa ba. Jagorar ta ce zaƙin ne ke juyewa yana zama maye. Bayan haka sai a bi da shi cikin wani dogon bututu na tagulla mai hawa-hawa, a hura masa tururi daga ƙasa, ƙarfin mayen ya tashi sama ya huce, ya fito garau kamar ruwan sama, alhali kimanin kashi 70 cikin 100 nasa barasa ce tsantsa. Wani a surka shi da ruwa a sayar da shi fari, wani kuma a ɗura shi cikin gangunan itace, a jera a ɗaki mai duhu, ba za a kira shi tsoho ba sai ya yi aƙalla shekara 3. Ta ce kowace shekara wani kaso yana bin iska ta jikin itacen, su kuma suna kiran wannan kaso rabon mala'iku. Malamin gona ya yi a'uziyya a zuciyarsa.

Ƙarshen zagayen shi ne ɗakin ɗanɗanawa. An jera ƙananan kofunan gilashi bisa dogon tebur, mai gidan da kansa ya fito yana zubawa, yana faɗin shekarun kowace kwalba kamar mai gabatar da ƴaƴansa. Wasu cikin tawagar suka karɓa. Da aka zo kansa, ya ɗora hannu a ƙirji ya yi godiya, ya ce addininsa bai yarje masa ba. Wurin ya ɗan yi tsit, shugaban tawaga ya kalle shi ta wutsiyar ido, shi kuwa ya ji zufa na keto masa, don a tarbiyyar da ya tashi cikinta mayar da kyautar mai gida ba ƙaramin abu ba ne. Ana cikin haka wani tsohon ma'aikaci baƙar fata, wanda ke tsaye bakin ƙofa, ya fice bai ce uffan ba. Jim kaɗan ya komo da kofi cike da ɗanyen ruwan rake da ya tara daga bakin injin, ya matsa masa lemun tsami, ya miƙa masa ya ce: «Sha yanzu, ɗan'uwa. In ya kai gobe war haka, ya zama irin wanda ka ƙi.» Aka yi dariya, kunya ta wuce, ya shanye.

Fuskar tsohon nan ta daɗe a ransa, don ta yi masa kama da ta wani kawunsa na Gazawa. Ba abin mamaki ba ne. Kakannin mafi yawan mutanen tsibirin daga Afirka aka kwashe su cikin jiragen bayi domin noman wannan rake, ba a kuma soke bauta a can ba sai cikin 1848. Ita kanta barasar tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa bakin tekun Afirka suna musayar ta da mutane. Hausawa ma ba su tsira ba. A ƙasar Bahiya ta Barazil, ƙasar gonakin rake, tarihi ya rubuta yunƙurin boren bayi Hausawa cikin 1807 da shekarun da suka biyo baya.

Da za su tafi, jagorar ta raba musu wata ƴar takarda. Ta ƙunshi bayanin dokar da gwamnatin Faransa ta sa wa hannu ranar 5 ga Nuwamba 1996, wata huɗu kacal kafin zuwansu, wadda ta kare sunan barasar Martinik. Dokar ta faɗi garuruwan da za a noma raken, da watannin da za a sare shi, ta ce da ɗanyen ruwan rake kaɗai za a yi, ta ƙayyade tsawon tsimawa da ƙarfin abin da zai fito, ta kuma sa wasu masana su ɗanɗana kafin a yarda a rubuta sunan tsibirin a jikin kwalba. Malamin gona ya ninke takardar ya jefa cikin akwati bai karanta ba. Me zai yi da dokar barasa? Da ya komo gida, abin da ya riƙa faɗa wa abokai shi ne yadda aka miƙa masa kofi a ƙasar Nasara ya ƙi. Ana yi masa barka, shi ma yana jin daɗi, kuma ba laifi ya yi ba.

Da ya ajiye aiki sai ya shiga fataucin aya. Yana sayen ta a kasuwannin Cadawa da Agye da Gazawa, yana loda wa kamyo zuwa Nijeriya, kuma don kada mota ta komo wayam, sai ya riƙa sayo mazarƙwaila daga hannun wani dillali a Kano. Masu sayenta a wurinsa yawanci mata ne masu alewa da dakuwa da nakiya, da masu kunu da koko, da tsofaffin da ba su yarda da farin sukari ba, da kuma masu neman ta saboda imanin da jama'a suka yi cewa tana taimakon mai shawara. Cinikin ya yi kyau shekara ɗaya. A shekara ta biyu aka kawo masa kaya buhu-buhu, na sama jawur masu ƙamshi, na ƙasa baƙaƙe masu tsami da tsakuwa. Kafin mako uku rabi ya narke ya jiƙe buhunan, ƙudaje suka mamaye shagon. Ya yi hasarar abin da ya kai jikka 400, amma ba kuɗin ne suka fi yi masa ciwo ba. Wata tsohuwa mai alewa, wadda ta san mahaifinsa, ta mayar masa da ragowar kayan ta ce: «Malam, ubanka bai taɓa saida mini abin da bai sani ba.» Ya kira dillalin, dillalin ya ce shi ma haka aka kawo masa. Wa ya kawo? Mutanen ƙauye. Wane ƙauye? Allah masani.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Cikin watan Janairu na 2022 ya ɗauki dunƙule biyu na lalataccen kayan ya sa a jaka, ya bi ta Maraɗi da Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina, ya kwana Kano, wanshekare ya hau hanyar Zariya ya sauka Tashar Yari, inda ake ratsewa zuwa Maƙarfi. Ƙasar Maƙarfi da maƙwabtanta Ikara da Kudan cikin jahar Kaduna sun yi suna wajen rake da mazarƙwaila. Wani direba ya haɗa shi da wani mai injin matsa a wani ƙauye bakin fadama, dattijo tsaransa, wanda da jin maganarsa ya yi murmushi ya ce: «Alhaji, daga Faranshi kake ke nan. Sannu da hanya. Amma in aikin kake son gani, sai ka tashi kafin ladan.»

Haka kuwa aka yi. Da duku-duku, cikin hunturu mai ratsa ƙashi, suka isa wani fili a gefen gonar rake. Tun kafin ya ga kome ƙamshin ya tare shi, ya tsaya cak. Shi ne ƙamshin ƙofar matatar nan ta hayin teku, sai dai babu tsamin. A tsakiyar filin an kafa injin ƙarfe mai mulmulallun ƙarafa uku a tsaye, an ɗora masa doguwar gungumar itace a ka, an ɗaura ƙarshenta a jikin doki. Wani yaro na bin dokin da tsumagiya, dokin na zagayawa, ƙarafan na juyawa. A gindin injin wani saurayi na tsugune yana cusa rake uku-uku, kuma duk zagayen da gungumar ta yi sai ya sunkuyar da kai ta wuce, ba tare da ya ɗaga ido ba. Mai injin ya ce aikin nan ba na mai gyangyaɗi ba ne, akwai masu dungu a ƙauyukan nan da injin ya ci wa yatsu. Wasu maƙwabta sun koma injin gas mai sauri, shi dai ya riƙe dokinsa, don doki ba ya jiran a sauke farashin mai.

Ruwan yana fitowa kore-kore mai duhu, ya bi ta cikin tsumman buhu da ke tace shi, ya taru a rabin tano. Ba a bari ya cika. Da ya kai rabi sai samari su kwashe da bokiti a guje zuwa murhu, wani dogon rami da aka haƙa aka girka faffaɗan kaskon ƙarfe a kansa. Makamashin wutar matsattsen karan jiya ne da aka shanya a rana, daidai yadda ya gani a Martinik. Malamin gona ya tambayi dalilin gudun. Mai injin ya ce: «Alhaji, ruwan rake ba ya kwana. Kai, ko hantsi ba ya so ya kai. In ka bar shi sai ya fara tsami, in ya yi tsami ba zai daskare ba, in kuwa ka ƙyale shi ya kwana biyu, to ka haɗa abin da malamai suka hana. Shi ya sa raken da aka sara yau, yau ake matse shi, wanda aka matsa yanzu, yanzu yake hawa wuta.» Baƙon bai ce kome ba. Maganar tsohon ma'aikacin nan ce ta komo masa bayan shekara 25 cikin bakin Bazazzage. Abin da mutanen tsibiri ke jira da haƙuri kwana uku, shi ne mutanen fadama ke gudu tun asuba.

Dahuwar ta ɗauki sa'o'i. Mai dahuwa, wani siririn mutum da hayaƙi ya rina wa idanu, yana tsaye da dogon ludayi yana kwashe baƙar kumfar da ke tasowa yana watsarwa gefe. Ya ce duk dattin rake a kumfar nan yake, mai ƙyuya ne ke barin ta, shi ya sa tasa ke fitowa baƙa. A hankali ruwan ya ragu, ya koma ruwan zuma, ya fara bultsowa da manyan ƙwayaye masu fashewa da ƙara. Babu agogo, babu ma'aunin zafi. Sai ya ɗiga kaɗan cikin ƙwaryar ruwan sanyi, ya murza da yatsa. Sau biyu yana girgiza kai, a na uku abin ya dunƙule, ya yi tsawa aka janye wuta. Aka sauke kaskon, aka yi ta juya shi da muciya har ya yi kauri ya dushe, sa'an nan aka riƙa zubawa cikin ƙananan kwanoni da aka jera a ƙasa sahu-sahu. Kafin a ɗaura wa doki sabon zagaye sun daskare, aka kife su, ga mazarƙwaila. A ƙiyasi, sai an matse kilo 10 na rake ake samun kilo 1.

Nan ma an yi ɗanɗano, ko da yake babu tebur babu gilashi. Aka fara ba shi ɗanyen ruwan a moɗa. Sa'an nan yaron dokin ya tsoma guntun rake cikin kasko, ya hura, ya miƙa masa ya ce: «Baba, lasa wannan, shi ya fi.» Daga ƙarshe mai injin ya ɓantaro daga dunƙule uku ya jera masa a tafin hannu. Na farko zaƙi ne tsantsa mai narkewa a harshe. Na biyu yana da ɗan gishiri-gishiri a ƙarshensa. Na uku yana da ƙauri kaɗan. Mai injin ya ce na farko raken fadamarsa ne mai laka, na biyu na wata fadama ce ta gabas mai jiƙon kanwa, na uku kuwa wuta ce ta yi masa yawa. Ya ce ko da ido rufe aka ba shi, zai faɗi fadamar da raken ya fito, wani lokacin har da sunan mai dahuwar.

Sai baƙon ya zaro nasa dunƙulen daga jaka. Mai injin ya shinshina, ya gutsura, ya tofar. «Wannan raken ya yi kwanaki a yashe kafin a matse shi. Ba a kwashe kumfa ba. An kuma sauke shi bai nuna ba don ya yi nauyi, shi ya sa ya narke maka. Ba aikinmu ba ne.» Malamin gona ya ce: «To, Malam, na wa ne?» Ya buɗe hannuwa. «Ranar kasuwa kowa na kai nasa, dillali ya haɗa ya ɗura a buhu ɗaya. Mai kyau da maras kyau kuɗinsu ɗaya. In an yaba, ba ni aka yaba ba, in an zaga, da ni aka zaga.»

A daren nan, yana kwance a zauren mai masaukinsa, takardar da ke cikin akwati a Cadawa ta faɗo masa a rai. Duk abin da dokar Faransa ta rubuta, mai injin nan ya san kwatankwacinsa a harshensa da hancinsa: wace ƙasa, wane wata, sa'a nawa tsakanin sara da matsa, wa zai ɗanɗana ya ce ya yi. Bambancin shi ne, can an rubuta, an sa suna, an buɗe ƙofa baƙi na zuwa su gani, har su biya kuɗin mota don a nuna musu. Nan kuwa ilmin na cikin kan mutum guda, kayansa na fita ba suna kamar ɗan tsintuwa.

Akwai ma wata dangantaka tsakanin wuraren biyu wadda ba kowa ya sani ba. Rake tsoho ne a ƙasar Hausa, Bature matafiyi Barth ya ga gonarsa kusa da Sakkwato cikin 1853. Amma yaɗuwar matsa shi da injin ƙarfe a ƙasar Zazzau tana da alaƙa da ƙauyen Gimi, cikin ƙasar Maƙarfin nan, inda ƴan mishan suka kafa zango a zamanin yaƙin duniya na farko ƙarƙashin wani malaminsu baƙar fata mai suna W. A. Thompson, mutumin tsibiran Karibiyan. Shi ya koyar da dafa sukari a wurin. Ciwon barci ya watsa zangon, sana'ar kuwa ta zauna a hannun manoman ƙasar. Ke nan dabarar da jikokin bayi suka gada a hayin teku ta komo gida, aka karɓi rabinta mai halal aka bar sauran.

Da gari ya waye ya faɗa wa mai injin tunaninsa: me zai hana a sa wa kayan alama, a naɗe su cikin takarda mai tsabta, a rubuta sunan ƙauye? Dattijon ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce: «Alhaji, kai ma'aikaci ne, kun saba da takarda. Mu nan duk ranar da takarda ta zo, mai karɓar haraji na bayanta. Kuma wa zai biya kuɗin naɗin? Matar da ke sayen na koko ba ta da rarar ko sisi. Ga farin sukari ya cika kanti, ƴaƴana biyu sun tafi Kaduna acaɓa, sun ce ba za su ƙare a bakin hayaƙi ba.» Maganar tana da nauyi, malamin gona bai yi gardama ba. Ya san farin sukarin da ake nufi. Nijeriya ta gina masana'antarsa a Bacita da Numan, kamfanin Dangote kuma yana tace ɗanyen sukarin Barazil a Legas. Nijar kuwa tun samun mulkin kai cikin 1960 sukarin kantinta daga waje yake zuwa. Dokin da ke zagaya gungume ba zai yi tsere da jirgin ruwa ba.

To amma ba tseren yawa ake nufi ba, kuma mutumin Cadawa ya fi kowa sanin illar sayar da kaya ba suna. Yana yaro ya ga zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa cikin 1962, yake da injin ɓarar gyaɗa a garinsu, buhuna na tashi dala-dala zuwa Turai. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, masu saye suka juya wani wuri, don gyaɗa gyaɗa ce ko ta ina ta fito. Ayar da yake fatauci ma haka take. Wata tana kai wa har Sifaniya, inda ake yin kunun aya da ita, amma ayar da ke da suna da kariyar doka a can ita ce ta lardin Balansiya, ta Agye kuwa sai dai a kira ta ayar Afirka. A Indiya da Kolombiya irin mazarƙwailar nan ce ake naɗewa da suna ana kaiwa ƙasashen waje. Ko a gida an fara farkawa: cikin 2023 hukumar OAPI, mai kare sunayen kaya ta ƙasashen Afirka, ta miƙa wa Nijar takardun rajistar albasar Galmi da kilishi. Abin da ya yiwu ga albasa bai gagari aya ba, bai kuma gagari mazarƙwaila ba.

Abin da suka ƙulla a ƙarshe ƙarami ne, ba hukuma ba takarda. Malamin gona ya sa maƙerin ƙauyen ya buga wata ƴar alama mai kamar kofaton doki a gindin kwanonin mai injin, yadda duk dunƙulen da aka kife zai fito da ita. Ya yi alkawarin zai riƙa sayen kayan kai tsaye, da ɗan ƙari bisa kuɗin kasuwa, shi kuma mai injin ya yi alkawarin ba zai sa alamar a kan raken da ya kwana ba. Da kayan farko suka iso Cadawa, ya ɗauki dunƙule biyu da kansa ya kai wa tsohuwar nan mai alewa. Ta juya shi, ta shafa alamar da babban yatsa, ta gutsura. Ba ta yaba ba, ta dai ce a ajiye mata rabin buhu. Kafin damina mata sun fara aiko yara da cewa a ba su mai kofato.

Cinikin bai tafi sumul ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka, kakar rake guda ta wuce bai samu ko dunƙule ba, sai cikin Maris 2024 hanya ta buɗe. An kuma samu wani a can ya kwaikwayi alamar, abin da ya ɓata wa mai injin rai, shi kuwa malamin gona ya ce masa ba a satar sunan da ba ya da daraja. Bai yi arziki da mazarƙwaila ba, ribarta ba ta kai ta aya ba. Amma ya ciro takardar nan daga akwati, ta yi ja don tsufa, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya kuma fassara wa wasu abokan fataucinsa na aya, suna shawarar ko za su haɗa kai su ware mai kyau daga maras kyau tun a kasuwa, su sa mata sunan ƙasarsu.

Har yanzu yakan ba da labarin Martinik in an zauna bayan isha'i, sai dai ya sake masa ƙarshe. In ya kai wurin da ya ɗora hannu a ƙirji, samari suka fara yi masa barka, yakan ɗaga hannu ya ce: «Ku dakata. Ƙin kofin nan minti guda ya ɗauke ni, kuma ko yau aka miƙo shi ba ni karɓa. Amma mutanen nan sun yi wa abin da Allah ya hana mu hidimar da ba mu yi wa abin da ya halatta muna ba. Wanga shi ne abin da ya kamata in ɗauko, na baro shi cikin akwati shekara ashirin da biyar.» Daga nan sai ya aiki yaro shago ya ɗauko dunƙule guda, a fasa, kowa ya ɗanɗana, ya tambaye su ko sun ji gishirin.

Allah ya sa wa neman kowa albarka, amin.